Tambaya da Amsa: Cinikin Kayan Babur Mai Caji na Hannu, da Haɗarin Cajin da Ya Wuce Kima

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur a Najeriya, babura da kekuna masu caji suka fara samun karɓuwa a garuruwanmu, kuma yanzu waɗanda aka saya da farko sun fara tsufa, kayansu suna shigowa kasuwar 'yan kwance. Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu a kan batir da cajarsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, sana'ata sayen baburan da suka mutu, in kwance su in sayar da kayansu ɗai-ɗai. A 'yan watannin nan an fara kawo mini masu caji, waɗansu sun yi haɗari, waɗansu kuma masu su ne suka gaji da gyara. Yanzu haka ina da injina da kwantirola da batura, ga caja iri-iri cike da buhu. Kwanan baya na sayar wa wani bawan Allah batir mai bolt 48, na zaɓo masa caja daga cikin buhun wadda bakinta ya shiga daidai, kuma ita ma an rubuta 48 a jikinta. Washegari ya dawo da batirin ya kumbura yana wari, ya ce na cuce shi. Ni kuma na ce masa shi ne ya bar shi a wuta har gari ya waye. Wane ne mai gaskiya a cikinmu, kuma wane kaya zan iya sayarwa hankalina kwance?
Daga wani mai sayar da kayan babur, Ƙofar Ruwa, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bisa abin da ka bayyana da bakinka, hujjar abokin cinikinka ta fi taka ƙarfi, kuma ina ba ka shawara ka mayar masa da kuɗinsa, ka kuma gode wa Allah da abin ya tsaya a kumburi bai kai ga gobara ba. Ga dalili.

Lambar 48 da ake rubutawa a jikin batir suna ne kawai na matsakaicin ƙarfinsa, ba ita ce iyakar da caja take kai shi ba. Batirin litiyam na babur tarin ƙananan ƙwayoyi ne da aka jera, kuma a irin da aka fi sani kowace ƙwaya tana aiki a kan bolt 3.6 ko 3.7, tana cika maƙil a bolt 4.2. Batir mai suna 48 yawanci rukuni 13 ne a jere, saboda haka cajarsa dole ta tsaya a bolt 54.6. Mai suna 36 rukuni 10 ne, cajarsa bolt 42. Mai suna 72 rukuni 20 ne, cajarsa bolt 84. Akwai kuma wani nau'in litiyam da ake rubuta wa LiFePO4, wanda ƙwayarsa take aiki a bolt 3.2 ta cika a 3.65, shi ma lissafinsa dabam ne. Sannan ga batirin dalma, mai nauyin nan da ake jera guda huɗu masu bolt 12 a ce 48, wanda cajarsa take kaiwa kusan bolt 59. Ka ga ke nan caja biyu za su iya ɗauke da lamba 48 a gaba, bakinsu iri ɗaya, amma ɗaya ta tsaya a 54.6, ɗayar ta zarce zuwa 59. Idan ta dalma ce ka ba shi, to kowace ƙwaya an tura ta zuwa sama da bolt 4.5, kuma wannan ɗan bambanci da ido yake rainawa shi ne tsakanin batir mai lafiya da batirin da ke dafa kansa. Ƙari a kan haka, cajar dalma ba ta yankewa gaba ɗaya idan batir ya cika, takan ci gaba da tura 'yar wuta kaɗan-kaɗan, abin da batirin dalma yake jurewa amma litiyam ba a gina shi don haka ba. Ka koma ka duba bayan cajar nan, wurin da aka rubuta ƙarfin wutar da take fitarwa, lambar da harafin V yake biye da ita. Ina kyautata zaton a nan za ka ga bakin zaren.

To, me ya sa batirin bai kare kansa ba? A cikin kowane batirin litiyam na kirki akwai wani ɗan allo da masu gyara suke kira BMS, aikinsa shi ne sa ido a kan kowane rukunin ƙwayoyi, ya yanke wuta da zarar wani ya haura iyaka, ya kuma daidaita su domin kada wani ya riga wani cika da yawa. Masu tsaro biyu ne ke nan, caja da wannan allo, kuma idan dukansu lafiyayyu ne, barin batir a wuta bayan ya cika da awa ɗaya ko biyu ba ya sa shi ya wuce kima, domin caja mai kyau tana tura wuta da ƙarfi da farko, sannan ta riƙe bolt ɗin a wuri ɗaya tana rage turawa har ta tsaya. Matsalar ita ce idan ɗaya daga cikin masu tsaron ya mutu babu alamar da za a gani daga waje, babur zai ci gaba da tafiya kamar kullum har ranar da na biyun zai gaza. Kumburin batirin abokin cinikinka shaida ce cewa allon da ke ciki ya mutu, ko kuma wani mai gyara ya tsallake shi da waya tun kafin kayan su zo hannunka. Kwanan da batirin ya yi a wuta ya ba ɓarnar lokaci ne kawai, amma asalinta daga shagonka ta fita.

Akwai wata hanyar da caji yake wuce kima ko da caja daidai take, kuma ita ce ta fi yawa a tsofaffin batura. Ka ɗauka tuluna 13 ne aka jera ana cika su da ruwa daidai wa daida, alhali ɗaya daga cikinsu ya fi sauran ƙanƙanta: shi zai fara ambaliya tun sauran ba su kai wuya ba. Haka ƙwayar da ta tsufa take, tana riga 'yan'uwanta cika, ita kuwa caja jimillar bolt take gani, ba ta san wata ta kai 4.4 wata tana 4.1 ba. A cikin ƙwayar da aka matsa wa haka, sinadarin litiyam yakan fara taruwa a matsayin ƙarfe a gefe guda, yana iya yin tsinin da zai huda siririn mayafin da ya raba ɓangarorin biyu, ruwan sinadarin da ke ciki ya fara ruɓewa yana fitar da iskar gas, wanda shi ne kumburin da warin. Idan zafi ya kai wani mataki, ƙwayar takan shiga ƙona kanta da kanta, ta fitar da iskar da ke ciyar da wutar daga cikinta, ta kunna maƙwabciyarta, ita ma ta kunna ta gaba. Daga nan cire filogi ba ya tsayar da komai.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A birnin New York na Amurka, hukumar kashe gobara ta ƙirga gobara 268 da baturan litiyam suka haddasa a shekarar 2023, mutum 18 suka rasu, huɗu daga cikinsu a gobara guda da ta tashi cikin dare a watan Yuni daga wani shagon gyaran kekuna masu caji, ta kama mutanen da ke kwana a saman benen. A Secunderabad ta Indiya, cikin Satumban 2022, wuta ta tashi daga wurin sayar da babura masu caji a ƙasan wani otal, hayaƙi ya kashe mutum takwas a sama. Na kawo waɗannan biyun ne musamman domin daga shago suka tashi, irin naka, kuma waɗanda suka mutu ba su ne masu shagon ba. Kai ka fi ni sanin yadda rumfunan kasuwarku suke manne da juna, da abin da ke jibge a cikinsu na taya da mai da soso.

Game da abin da za ka sayar hankalinka kwance, mafi yawan babur ƙarfe ne, kuma ƙarfe ba ya ɓoye aibinsa. Bodi, da ƙafafu, da birki, da shokazoba, da fitilu, da totur, duk ido da hannu sun isa su gwada su. Injin da ke cikin ƙafar baya yana da daraja kuma yana daɗewa: ka juya shi da hannu ka ji ko boris yana ƙara, ka haɗa biyu daga cikin manyan wayoyinsa uku ka sake juyawa, lafiyayye zai yi maka tauri, ka yi haka da kowane biyu, sannan ka shinshina ko akwai ƙaurin ƙonewa, ka duba wurin da waya take fitowa daga aksul domin nan ne take yawan yankewa. Kwantirola kuwa, wato akwatin da ke sarrafa wutar da take zuwa inji daga batir, ka rubuta bolt da amfiyarta a jiki da alli ko fenti kafin takardar ta goge, domin wadda aka yi wa 48 idan aka ɗora mata 72 nan take za ta ƙone. Ka kuma riƙa neman rasit da lambar bodi daga duk wanda ya kawo maka babur, saboda karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, kuma babur mai caji da aka kawo ba caja ba mabuɗi abin tambaya ne.

Batir shi ne ya fita dabam, domin shi ne kaya mafi tsada a babur kuma shi kaɗai ne aibinsa yake ciki. Ra'ayina shi ne kada ka sayar da batirin litiyam ɗin da ya fito daga babur mai haɗari, ko wanda ruwa ya taɓa shanyewa, ko mai lotsawa ko tsagewa a jiki, ko wanda aka taɓa buɗewa aka naɗe da salatif, ko wanda ya daɗe a yashe har bolt ɗinsa ya faɗi ƙasa warwas, komai kyawun da zai nuna idan an sa masa wuta. Wanda ya tsallake waɗannan, ka kai shi wurin mai gyaran da ya san aikin ya auna kowane rukuni da mita, ya tabbatar suna kusa da juna kuma allon kariyar yana yankewa, sannan a caja shi da rana a fili ana taɓa jikinsa, a hau babur da shi a ga nisan da yake kaiwa. Abin da aka gani shi za ka gaya wa mai saye, kuma shi zai yanka farashi. Buhun cajar nan kuma ka zazzage shi yau, ka auna kowace da mita, ka rubuta ainihin bolt ɗinta da irin batirin da aka yi ta dominsa, wadda ba ka tabbatar ba ka fasa ta ka sayar da tagullarta. Batir da cajarsa tare ake sayar da su.

Ka san hadisin da Muslim ya ruwaito, na mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya bar busasshen a sama, wanda a kansa Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ban ce ka yi algus ba, domin ba ka san aibin ba lokacin da ka sayar, amma malamanmu sun tabbatar da cewa mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan tsohon aibi ya bayyana, kuma daga yau da ka sani, faɗin “ban buɗe na gani ba” ba zai wadatar da kai ba a kan kayan da za a kai ɗakin da yara suke kwana.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Maigidana ya sayi babur mai caji na hannu yana zuwa aiki da shi. Unguwarmu ba a kawo wuta sai tsakar dare, saboda haka a zaure yake jona shi mu kwanta, da asuba ya cire. Na ji ana cewa yana fashewa, na yi masa magana ya ce cajar tana kashe kanta idan fitilarta ta koma kore. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Yaya za mu yi, tun da da rana babu wuta?
Daga wata uwargida, Gusau.

AMSA: Hajiya, maigidanki yana da gaskiya a kan yadda caja mai kyau take aiki, ke kuma kina da gaskiya a kan abin da ya fi muhimmanci. Koren fitila yana nuna cewa wutar da cajar take turawa ta ragu ƙwarai, ba ya nuna lafiyar ƙwayoyin da ke cikin batirin, kuma tun da babur ɗin na hannu ne, babu wanda ya san faɗuwa nawa ya yi ko cajar da aka haɗo shi da ita ita ce tasa ta asali. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne zauren. A yawancin gidajenmu zaure shi ne ƙofa ɗaya tilo, tagogin ɗakuna kuma an yi musu ƙarafan hana ɓarayi, saboda haka wutar da ta tashi a zaure ta toshe hanyar fita ke nan. Gobarar litiyam ba ta ba da lokaci irin na gobarar itace, cikin daƙiƙu take feso wuta, kuma hayaƙinta mai guba ne da ke iya kayar da mutum tun kafin harshen wutar ya iso gare shi. A birnin Nanjing na ƙasar Sin, ranar 23 ga Fabrairun 2024, wuta ta tashi kafin asuba daga inda ake ajiye babura masu caji a ƙasan wani dogon bene, mutum 15 suka rasu, kuma a cikin wannan shekarar ce ƙasar ta fara tilasta sabuwar ƙa'idar ingancin baturan litiyam na kekuna. A Landan ma, inda hukumar kashe gobara ta ce a 2023 kusan kowane kwana biyu sai ta fita kashe wutar keke ko sikuta mai caji, gargaɗin da ta fi nanatawa shi ne kada a yi caji a hanyar fita, kada kuma a yi ana barci.

Na san ba za a ce muku ku daina caji da dare ba alhali da dare ake kawo wutar, amma akwai abin da za a iya. A matsar da babur ɗin zuwa can ƙuryar tsakar gida, inda ko ya kama za ku iya wucewa ku fita, a kan siminti, ƙarƙashin rumfar da ruwan sama ba ya tararwa, nesa da jarkar man janareta da itacen girki da tukunyar gas. A ja masa soket na kirki, a bar haɗa sadarwa a kan sadarwa, kuma kada a lulluɓe cajar da tsumma ko a ɗora ta a kan kujerar babur, domin tana buƙatar iska. Sannan maigida ya lissafa lokacin da cajin yake ɗauka: batir mai lamba 20Ah, wato ma'aunin yawan wutar da yake iya ɗauka, da cajar amfiya 3 yana neman wajen awa bakwai idan ya ƙare sarai, idan kuwa rabi ya sha, awa uku zuwa huɗu sun isa. Ya sa ƙararrawar waya ta tashe shi ya cire, kuma ba dole ba ne sai ya cika maƙil kullum, domin batirin litiyam ya fi daɗewa idan ana tsayar da shi kafin ya kai ƙarshe. Idan an ɗauke wuta a tsakiyar caji gara a zare filogin, saboda wutar da take dawowa da ƙarfi tana iya lalata cajar ba tare da an lura ba. Na'urar da ke kururuwa idan ta ji hayaƙi ba ta da tsada idan aka kwatanta da kuɗin babur ɗin, ya kamata a ɗaura ɗaya kusa da wurin.

Zafin ƙasarmu ma yana cikin lissafi. Masu ƙera ƙwayoyin litiyam galibi sun iyakance caji daga digiri 0 zuwa 45, a bazara kuwa iskar Gusau da Sakkwato da Maiduguri tana haura 40 a inuwa, ballantana batirin da ya wuni a rana ko ya dawo daga doguwar tafiya. A bar shi ya huce tukuna kafin a jona shi. Idan kika ji wani baƙon wari mai kama da na fenti, ko ƙara kamar tsaki, ko kika taɓa jikinsa hannu ya kasa jurewa, a cire wuta a daina amfani da shi. Idan kuwa hayaƙi ya riga ya fara, ki kwashe yara ku fita, a kira 'yan kwana-kwana, kada kowa ya tsaya ƙoƙarin jan babur. Ruwa mai yawa yana sanyaya shi bayan an katse wutar lantarkin gidan, amma bokiti ɗaya ba ya yin komai, kuma batirin da wutarsa ta mutu yana iya sake kamawa bayan sa'o'i, don haka ba a mayar da shi cikin gida. Ki tuna wa maigida, cikin ladabi, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da gidan da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, inda Annabi (SAW) ya yi umarni a riƙa kashe wuta idan za a kwanta.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne, ina kuma gyaran waya da fitilun sola. Ina tara ƙwayoyin tsofaffin baturan kwamfuta ina haɗa wa mutane batirin keke da su a farashi mai sauƙi. Wani lokaci allon kariyar yana yawan yanke wuta, sai in cire shi in haɗa kai tsaye, kuma keken ya yi ta tafiya lafiya. Akwai laifi a haka?
Daga wani matashi, Zariya.

AMSA: Ɗana, hazaƙarka abin yabo ce, amma ka daina cire allon nan daga yau, kuma ka nemi duk wanda ka taɓa cire wa ka mayar masa. Yawan yankewar da yake yi aikinsa ne yake yi: yana gaya maka cewa akwai rukunin da ya riga sauran cika ko ya riga su ƙarewa, kai kuma maimakon ka nemo rukunin sai ka kawar da mai ba ka labari. Ƙwayoyin da ake kira 18650, masu faɗin milimita 18 da tsawon 65, kamanninsu ɗaya a ido, amma waɗanda aka yi wa kwamfuta an yi su ne domin su ba da wuta kaɗan na tsawon lokaci, keke kuwa yana fizgar wuta mai yawa musamman a hawa ko da kaya, sai su yi zafi. Ga shi kuma kowace ta fito daga gida dabam, da shekaru dabam, da kamfani dabam. Haɗa su da dalma da ƙarfe mai zafi ma yana cutar da su, shi ya sa masana'antu suke amfani da waldar ɗigo a kan siririn ƙarfen nikel. Saboda irin wannan haɗi ne majalisar birnin New York ta kafa doka a 2023 da ta haramta haɗa batir da ƙwayoyin da aka ciro daga tsofaffin batura da kuma sayar da shi. Ƙwayoyin da ka tara, waɗanda ka auna ka ga suna riƙe caji kuma ba sa zafi, za su yi maka amfani a ƙaramar fitila ko fankar hannu, kowace da nata allon. Idan kana son sana'ar batirin keke da gaske, ka sayi sababbin ƙwayoyi iri ɗaya daga kwali ɗaya, da na'urar auna ƙarfinsu, da injin waldar ɗigo, ka kuma zauna ƙarƙashin wanda ya iya kafin ka sake karɓar kuɗin kowa.

TAMBAYA: Malam, nawa babur ɗin batirin dalma gare shi, ba litiyam ba. Baturan sun kumbura har da ƙyar aka zaro su. Shin su ma suna da haɗari, kuma in sayar wa 'yan jari-bola?
Daga wani mai karatu, Maraɗi.

AMSA: Malam, batirin dalma ba ya kamawa da irin wutar litiyam, amma cajin da ya wuce kima yana cinye ruwan da ke cikinsa, ya raba shi zuwa iskar gas mai saurin kamawa, wadda tartsatsi kaɗan ya ishe ta a ɗaki rufaffe. Yayin da batirin yake bushewa yana ƙara zafi, zafin kuma yana sa shi ƙara jan wuta, cajar ta kasa komawa kore, robar ta yi laushi ta kumbura. Sau da yawa guda ɗaya ne yake fara mutuwa ya ja sauran, shi ya sa ba a sa sabo ɗaya a cikin tsofaffi uku, a canza su gaba ɗaya. Ka sa a auna cajarka kafin ka ɗora sababbi, in ba haka ba su ma haka za su ƙare.

Kumburarren batir ba ya gyaruwa, kuma bai halatta a sayar da shi a matsayin mai aiki ba, amma dalmarsa tana da kuɗi. Ka sayar da su a rufe yadda suke ga dillalan da ke tarawa suna kai wa masana'antar sarrafawa, ko ka ba mai shagon da za ka sayi sababbi ya rage maka farashi. Kada ka bari a fasa su a gidanka ko a zubar da ruwansu a kwata, kada kuma ka ba wanda ka san a cikin unguwa yake narkawa. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 ne suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalmar da ta gauraya da ƙasar unguwarsu daga fasa tsofaffin batura, kuma mu nan ba mu manta da abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yaran Zamfara a 2010 ba, ko da yake waccan daga duwatsun zinariya ta fito. Kafin ka rabu da su, ka ajiye su a tsaye a inuwa inda yara da dabbobi ba sa kaiwa, ka rufe kawunansu da salatif domin kada ƙarfe ya haɗa su, ka kuma wanke hannunka da sabulu duk lokacin da ka taɓa su.